Koyar da kai hari a ƙwallon ƙafa: ina amfaninsa ya tsaya?

Koyar da kai hari shi ne ɓangaren aikin koci da ya shafi yadda ƙungiya za ta fito da ƙwallo daga gida har ta jefa ta a ragar abokan hamayya. Ya ƙunshi wurin da kowane ɗan wasa zai tsaya, da lokacin da zai ruga gaba, da dabarun buga kwana da bugun tazara.

A gasar lig

A nan ne tasirinsa ya fi fitowa fili. Tun 1981 Ingila ta fara bai wa wanda ya yi nasara maki uku maimakon biyu, alhali canjaras maki ɗaya ne kacal. Saboda haka ƙungiyar da ba ta iya fasa ƙananan ƙungiyoyi masu tare gida ba, za ta yi ta zubar da maki. Manchester City ta Pep Guardiola ta ci ƙwallo 106 a kakar 2017/18, ta kuma haɗa maki 100 a Firimiya.

Amma hari kaɗai ba ya isa. Liverpool ta ci ƙwallo 101 a kakar 2013/14, aka zura mata 50, ta ƙare ta biyu.

A gasar sili-ɗaya-ƙwale

Nan lissafin daban ne, domin kuskure ɗaya na iya kora ƙasa gida, kuma kocin ƙasa ba ya samun isasshen lokacin atisaye da ’yan wasansa. Girka ta lashe kofin Turai na 2004 da ci ɗaya mai ban haushi a wasanninta uku na ƙarshe. Kamaru ta ɗauki kofin Afirka na 2002 a Mali ba tare da an zura mata ko ƙwallo ɗaya ba. Maroko ta Walid Regragui ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar duniya ta 2022, ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarta kafin nan, ita ma ɗan wasanta ne ya ci gida.

Ke nan mai neman kofin lig sai da kocin da ya iya tsara hari. A gajeriyar gasa kuwa, tsaron baya mai ƙarfi kan kai ƙasa nesa.