Kiɗan Dandali a Zungeru

Da Gwamna Lugga ya taso da hedkwatarsa daga Jebba zuwa Zungeru a 1902, kakanninmu suka biyo barikin soja da ciniki, daga baya aikin reluwe. Makaɗa ma ba a bar su baya ba. Mahauta suka zo da kalangunsu, masu goge da kukuma suka kama dandali bayan lisha. Malamanmu dai ba su taɓa son goge ba, amma fa a dandalin nan Bakano da Basakkwace suka san juna har aka kai ga auratayya.

Komawar hedkwata Kaduna a 1917 ta rage jama'a, amma ba ita ta watsa dandali ba. Rediyo da kaset ne: kowa ya shige ɗaki yana jin Shata. Yau in biki ya taso, na'ura muke haya.