Kuɗin Udoji da Jiragen Siminti: Lokacin da Gwamnati Ta Buɗe Bakin Jaka

Mai karatu, yau zan ɗan ajiye batun littattafai, mu waiwayi wani zamani da na gani da idona ina yaro a Kano.

A farkon 1975 ne mahaifina, wanda akawu ne a wata ma'aikata, ya dawo gida da sabuwar Vespa da rediyo mai kaset. Da mahaifiyata ta tambaye shi, "Malam, ina aka samo wannan?" sai ya ce, "Udoji ne." Na daɗe ina zaton wani attajiri ne abokinsa. Ashe Jerome Udoji ne, shugaban hukumar da Janar Gowon ya kafa a 1972 don duba aikin gwamnati. Rahotonta ya fito a 1974, aka ƙara albashi, aka kuma biya ariyas na watanni a dunƙule.

Masana tattalin arziki suna da wani ma'auni. Idan aka tara duk abin da manomi da maƙeri da ɗan kasuwa da kamfani suka samar a shekara, aka ɗauke shi a matsayin naira 100, nawa gwamnati ta kashe a ciki? A shekarun 1970 wannan kaso ya kumbura a Nijeriya. Dalili kuwa fetur ne, domin tsakanin 1973 da 1974 farashin ganga ya tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. A 1970 abin da gwamnatin tarayya ta kashe bai kai naira biliyan 1 ba, amma a 1980 ya kusa biliyan 15.

Gaskiya ɗaya ce, an yi abin kirki da wani ɓangare na kuɗin. A 1975 aka kafa jami'o'in Sakkwato da Maiduguri da Jos, a 1976 kuma aka ƙaddamar da firamare kyauta, wato UPE, wadda ta kai ƙannena biyu aji. An shimfiɗa tituna, an gina asibitoci.

To amma an yi ɓarna. A 1975 aka yi odar siminti kusan tan miliyan 20, mafi yawansa don Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar Legas ba za ta iya sauke ko kusa da haka ba. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, gwamnati na biyan kuɗin jira, simintin na daskarewa a ciki. A wannan shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, ta cinye Udojin mahaifina. Dalar gyaɗa kuwa, da fari da cuta da gudun matasa zuwa birni suka taru a kanta, ta ɓace.

Da farashin fetur ya karye, sai Shugaba Shagari ya kawo tsuke bakin aljihu a 1982, Janar Babangida ya biyo da SAP a 1986. Makarantun da aka gina suna nan, amma babu alli, albashin malamai kuma ba ya kai rabin wata. A lokacin ne aka sayar da Vespar.

Wani zai ce darasin shi ne gwamnati ta rage kashe kuɗi. Ni ban ga haka ba. Bankin Duniya ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2021 gwamnatocin Nijeriya duka sun kashe kusan kashi 12 ne kacal, ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a duniya, yayin da ta Faransa ke kashe fiye da rabi. Da kashi 12 ba a riƙe asibiti da makaranta da tsaro na mutum sama da miliyan 200.

A ganina tambayar ita ce daga ina kuɗin ya fito. Kuɗin haraji, mai biya yana bin sawunsa, kuma ba ya ɓacewa dare ɗaya. Kuɗin rijiya kuwa ana ɗaukarsa tsintuwa, shi ya sa a 1975 ba wanda ya ji zafin simintin nan a aljihunsa. Mu da muka yi karatu bayan 1982 mu muka biya.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tattali. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.