Manomi Tsakanin Wuta Biyu: Karanta Littafin Sholokof a Ƙasar Gobir

Tarihin Gobir da ya iso gare mu tarihin masu doki ne. Mun san Bawa Jan Gwarzo da kirarinsa, mun san Yunfa da faɗuwar Alƙalawa a 1808, mun san yaƙin Gawakuke na 1836 inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya gayyar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa, Sarkin Gobir Ali ya kwanta dama a fagen fama. Mun san Mayaƙi ya kafa Tsibiri, daga baya Ɗan Halima ya ɓalle ya gina Sabon Birni, ga kuma Isa a kudu tana tsaron iyakar Daular Sakkwato. Wanda ya ɓace mana shi ne mutumin da ya noma geron da waɗannan rundunoni suka ci, wanda ƙauyensa yake wannan hannu bana, baɗi ya koma wancan. Neman wannan mutum ne ya kai ni ga wani littafi da aka rubuta a bakin wani kogi mai nisa ƙwarai da Gulbin Rima.

Sunan littafin da Rashanci Tihi Don, wato Kogin Don mai kwanciyar ruwa. Marubucinsa Mihail Sholokof, an haife shi a 1905 a yankin Beshenskaya da ke kudancin Rasha, ya rasu a 1984. Kashi na ɗaya da na biyu sun fito a 1928, na huɗu kuma na ƙarshe sai a 1940, kuma littafin ne ya jawo masa kyautar Nobel a 1965. An daɗe ana jayayya kan ko shi ya rubuta shi, ganin ƙuruciyarsa lokacin da ya fara, amma samun rubutun hannunsa na sassan farko a 1999 ya rage kaifin gardamar. Labarin ya ɗauki shekara goma, daga 1912 zuwa 1922: zaman lafiya, Yaƙin Duniya na Ɗaya, juyin juya halin 1917, sannan yaƙin basasa tsakanin Jajaye, wato 'yan gurguzu, da Farare masu adawa da su.

Kosakawa, mutanen da labarin ya ginu a kansu, manoma ne kuma mayaƙa. Sarkin Rasha ya bar musu ƙasar noma mai yawa bisa sharaɗin kowane namiji zai yi aikin soja da dokinsa da kayan da gidansu ya saya masa. A tsakaninsu akwai baƙi da suka zauna shekara da shekaru ba su da rabo a ƙasa, sai haya da ƙwadago. Da juyi ya zo, tambayar da ta tsaga yankin Don ita ce wa ke da gona. Bagobiri ba ya bukatar dogon bayani a nan. Ya san abin da fadama take nufi, ya san yadda burtali da mashaya da gonar gado suke mayar da maƙwabta abokan gaba.

Abin da Sholokof ya yi da ya bambanta shi da sa'o'insa shi ne inda ya ajiye idon mai karatu. Lenin da manyan janar-janar suna can nesa, labarinsu kawai ake ji. Mai karatu yana zaune a ƙauyen Tataski, a gidan Melehof, tare da tsoho Fantelei mai saurin fushi, da matarsa Ilinicina, da 'ya'yansu Fetro da Girigori da Dunyasha. Tun shafukan farko marubucin ya nuna cewa ƙauyen yana da nasa dafin kafin yaƙi ya zo. Kakar Girigori Baturkiya ce da aka auro daga fagen yaƙi, kuma da annoba ta faɗa wa shanu sai mutanen gari suka ce mayya ce, suka yi mata taron dangi har ta mutu. Yaƙin basasa bai koya wa mutanen Tataski kisa ba. Ya dai cire musu kunyar yin sa, ya ba kowane tsohon ƙulli tuta da bindiga.

Girigori ya yi yaƙi a rundunar Sarkin Rasha, ya bi Jajaye, ya bar su bayan ya ga an sassare fursunoni ba shari'a, ya koma Farare, ya jagoranci rundunar 'yan tawaye a boren Beshenskaya na watan Maris 1919, wanda ya biyo bayan umarnin da Mosko ta bayar a Janairun shekarar na murƙushe Kosakawa. Bayan Farare sun watse a 1920 ya shiga dawakan Jajaye, ya dawo gida ya tarar ba a yafe masa ba, ya gudu ya faɗa cikin gungun wani ɗan tawaye mai suna Fomin. Wanda ya karanta wannan jeri kawai zai ce mutumin ba shi da alƙibla. Littafin ya nuna akasin haka. Alƙiblarsa guda ce tun farko har ƙarshe, gonarsa da 'ya'yansa da Aksinya, matar maƙwabcinsa da ya so fiye da tasa matar. Ɓangarorin ne suke canza abin da suke nema a wurinsa. Shi ya sa ma Kosakawan littafin suke zubar da bakin daga idan lokacin huɗa ya yi, kuma ba sa son bin abokan gaba su wuce iyakar gundumarsu.

Inda littafin ya fi taɓa ni shi ne labarin Mishka Koshaboi, abokin Girigori na ƙuruciya, ɗan talakawa da ya zama Ja na gaske. Shi ya harbe Fetro bayan ya miƙa wuya. Ya kashe kakan matar Girigori, ya cinna wa gidansu wuta, surukin Girigori kuma ya rama a kan uwar Mishka da ƙannensa. Bayan duk wannan, Mishka ya dawo ƙauye ya auri Dunyasha, ƙanwar wanda ya kashe, tsohuwa Ilinicina ta zuba masa abinci a kwanon gidan. Sholokof bai kira wannan sulhu ba, bai kuma kira shi cin amana ba. Ya nuna dai cewa a ƙauye yaƙi ba ya ƙarewa da tafiyar wani, domin mai kisa da dangin mamaci rijiya ɗaya za su ci gaba da sha.

Muna da mutum irin Girigori a namu tarihin, ko da yake malami ne jagora. Abdussalami Ba'are almajirin Shehu Usmanu ne, kuma harin da mayaƙan Gobir suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi. Ya yi yaƙin tare da Shehu, amma bayan rasuwar Shehu a 1817 ya yi wa Bello tawaye daga Kware, aka ci garinsa, ya mutu da rauni a 1818. Labarinsa ya iso mu ne ta alƙalamin wanda ya ci shi da yaƙi, a littafin Sardul Kalami. Haka Infaƙul Maisuri na Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo: taskoki ne masu daraja, amma rubutun shugabanni ne game da shugabanni. Waƙar fada ma haka take. Narambaɗa, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙa, ya kai Hausa ƙololuwar zalaƙa, sai dai aikinsa ɗaukaka sarauta ne. Ko a ƙagaggun labarai, Ganɗoki na Bello Kagara jarumi ne mai ba da labarin bajintarsa. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya fi matsowa kusa, domin ya bi uwa da ɗa da harin bayi ya raba.

Yau batun ya wuce nazarin tarihi. Mutanen Burƙusuma da Gatawa da Gangara da ƙauyukan Isa suna cikin shekarun da 'yan bindiga suka mamaye dajin. A watan Mayu 2020 an kashe mutum fiye da 70 a rana guda a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamba 2021 an ƙone matafiya da ransu cikin mota a kan hanyar yankin. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka yi garkuwa da shi. Dubban iyalai sun tsallaka iyaka zuwa jihar Maraɗi, wurin 'yan'uwan da turawa suka raba su da su a farkon ƙarni na 20. Jaridu suna kawo adadin gawa da sunan jagoran 'yan bindiga Bello Turji. Abin da ba sa iya kawowa shi ne lissafin da magidanci yake yi da dare: an ɗora wa gari haraji kafin a yi girbi, in ya biya ya ciyar da masu kashe shi, in ya ƙi gero ya bushe a tsaye. In an gan shi da jami'an tsaro mutanen daji su ce infoma ne, in an gan shi ya kai saƙo daji 'yan sa-kai su faɗi haka. Akwai kuma makiyayin da ɓarayi suka kore masa shanu, ya shigo kasuwa aka kashe shi saboda kamanninsa.

Dole a ja layi a nan, don kwatanci yana da iyaka. Kosakawa masu makami ne da gata, manomin Gobir na yau fartanya gare shi. Jajaye da Farare suna da aƙida da gwamnatin da suke son kafawa, masu garkuwa da mutane kuwa kuɗin fansa suke nema. Girigori kansa ba mai tsabtar hannu ba ne, ya kashe mutane da yawa, kuma littafin bai ɓoye ba. Sashen da ya fi kama da halinmu shi ne na gungun Fomin a kashi na huɗu. Sun fara da cewa suna kare manoma daga ƙwacen hatsin da gwamnati ke yi, manoman suka ƙi bin su saboda sun gaji, sai gungun ya zame ya koma fashi da shaye-shaye, yana cin mutanen da ya ce yana karewa. Sholokof ya bi wannan zamewa taki-taki, yadda ƙorafi na gaskiya yake ruɓewa idan bindiga ta zama sana'a. Duk mai son fahimtar yadda rikicin gona da kiwo da satar shanu a Zamfara ya rikiɗe ya zama abin da ya malalo Isa da Sabon Birni zai amfana da waɗannan babobi.

Wani abin lura shi ne an buga littafin a zamanin Stalin, lokacin da ake sa ran jarumin labari ya gane gaskiyar jam'iyya a ƙarshe. Sholokof ya ƙi ba su haka. Aksinya ta mutu da harsashin masu sintiri a daren da suke ƙoƙarin tserewa, Girigori ya haƙa mata kabari da takobinsa. Iyayensa sun mutu, wansa ya mutu, matarsa Nataliya ta mutu, 'yarsa ta mutu. Ya bar maɓoyarsa tun kafin a yi afuwa, ya jefa bindigarsa da harsasai cikin kogin Don, ya taka ƙanƙara ya haye zuwa ƙofar gidansu, ya ɗauki ɗansa Mishatka. A nan labarin ya tsaya. Mutumin da Sholokof ya fi ɗaukar siffar Girigori daga gare shi, wani Bakosake mai suna Harlamfi Yarmakof, hukuma ta harbe shi a 1927, shekara guda kafin kashin farko ya fito.