Âs

âs [âs] sn., nm., jam. âs-âs (Lat. as, jam. asses). Gajeren wasali, sauti faɗau.

1. Ƙaramin kuɗin tagulla na Rumawan dā. A ƙarni na 3 kafin Miladiyya (k.M.) aka fara zuba shi. Nauyin farko: laba 1 ta Rum, kusan giram 325, ya yi ta raguwa, aka koma bugawa maimakon zubawa. Gaba: kan gunki Janus mai fuska biyu, baya: goshin jirgin ruwa, lamba: I. Mis.: ya biya âs biyu.

2. Kwabon jan ƙarfe na Sarki Agustas, daga wajen 23 k.M.; kusan giram 11; da haruffan SC, wato da izinin majalisar dattawa. Mis.: âs na Agustas.

3. Awon nauyi mai kashi 12. Mis.: rabin âs.

4. (ma'anar aro) abu maras daraja. Mis.: bai kai âs ba. Kwat. anini.

Kuɗin da ba su kai âs ba: semis (½, lamba S), tiriyan (⅓, ɗigo 4), kwadaran (¼, ɗigo 3), sekistan (⅙, ɗigo 2), unkiya (1/12, ɗigo 1).

Kuɗin da suka fi âs: dufondiyus (âs 2), sestertiyus (âs 4 a zamanin Agustas), denariyus (azurfa, daga wajen 211 k.M.; âs 10, daga baya 16).

Dub.: dinari (Lar. dinar, daga denariyus), tagulla.