Kalmar Ingilishi "smear": ma'anarta da yadda ake amfani da ita

"Smear", da ake furtawa kamar "simiya", aikatau ne na Ingilishi mai nufin shafa abu mai maiƙo ko danƙo a kan wani abu har ya bar tabo. Asalinsa tsohuwar kalmar Ingilishi ce "smeoru", wato kitse. A Faransanci ana cewa "barbouiller" ko "enduire".

Ana gina jimla da shi ta hanya 2. "He smeared mud on the wall" na nufin ya shafa laka a bango. "He smeared the wall with mud" kuwa, ya shafe bangon da laka. Idan aikin ya wuce, ana ƙara "-ed".

A siyasa ma'anarsa ɓata suna, abin da Bahaushe ke kira shafa wa mutum kashin kaji. In jaridun Najeriya suka rubuta "smear campaign", suna nufin yarfen da aka shirya don zubar da mutuncin wani.

A asibiti kalmar ba ta da alaƙa da ƙazanta. Sunan ɗigon jini ne ko majina da ake shafawa a gilashi don dubawa da madubin likita, wato "frottis". Da shi ake gano zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka. "Pap smear" gwajin sankarar bakin mahaifa ne, mai ɗauke da sunan likita George Papanicolaou. Don haka duk wanda ya dawo Maraɗi da takardar asibitin Katsina mai rubutun "smear positive", an ga alamar cuta a gwajinsa ke nan, sai ya kai wa likita ba tare da jinkiri ba.