Daga Asibitin Tudun Wada zuwa gadon lokeshin: tarihin kayan asibiti a finafinanmu

Mai karatu, ka taɓa lura cewa da wuya ka kalli fim ɗin Hausa har ƙarshe ba a kwantar da wani a asibiti ba? An naɗe kai da bandeji, ga ledar ƙarin ruwa a rataye, ga likita da farar riga ya fito yana girgiza kai. To daga ina waɗannan kaya suke fitowa?

Bari mu faro daga Zariya. Tun a 1929 'yan mishan suka koma Wusasa, inda asibitinsu ya yi suna. Daga baya, a 1967, Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa cibiyar koyar da aikin likita, babban asibitin Tudun Wada ya zama gidan koyarwarta, tare da na Kaduna da na Malumfashi. Kusan shekara arba'in, in Bazazzagi ya ce "an kai shi asibiti", Tudun Wada ake nufi, har zuwa 2005 da aka tare a Shika. A irin waɗannan ɗakuna mutanenmu suka san kamannin gadon ƙarfe da ɗakin tiyata, don haka idonsu a buɗe yake in an nuna musu na ƙarya.

A zamanin wasannin talbijin na Kaduna, lokacin su marigayi Kasimu Yero, ɗan Zariya, da Samanja, yawancin aiki a cikin situdiyo ake yi. Tebur da kujera da farar riga sun isa a ce ga ofishin likita. Da aka shiga zamanin bidiyo, daga "Turmin Danya" na 1990, sai kyamara ta fita gari. Furodusa ba shi da kuɗin gina asibiti, saboda haka ya kan nemi alfarma ko ya yi hayar ɗaki a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Gado da ƙarfen rataye ruwa da abin sauraren ƙirji duk na mai asibiti ne. Bandeji da filasta da sirinji a sayo a kemis, jini kuwa a haɗa da jan kala.

A Amurka abin sana'a ce mai zaman kanta. Akwai kamfanonin da aikinsu bayar da hayar kayan asibiti ga 'yan fim, kuma shirin "ER", wanda aka nuna daga 1994 zuwa 2009, da likitoci na gaske a gefe aka riƙa ɗaukarsa. Kai, a 2020 da annobar korona ta tsananta, masu shirin "Grey's Anatomy" ne suka kwashi safar hannu da rigunan kariya daga ma'ajiyarsu suka bai wa ma'aikatan lafiya. Mu kuwa asibiti ke ara wa fim.

Zuwan tashar Arewa24 a 2014 da finafinai masu dogon zango ya ɗan gyara lamarin, domin labarin da zai yi shekaru ana nunawa ba zai dogara da aro na yini ɗaya ba. Amma har yanzu za ka ga an manna robar ruwa a inda babu jijiya, ko likita ɗaya shi ne na ido, shi ne na haihuwa.

Kada ka ɗauka wasa ne. Mu ne fa aka dakatar da allurar shan-inna a Kano a 2003 saboda rashin yarda. Matar da ke kallo a ƙauye, abin da ta gani a fim da shi za ta auna likita ranar da ɗanta ya kwanta. Don haka furodusoshi, in kun je aron gado, ku haɗa da aron nas ɗin da za ta tsaya ta ce muku ba haka ake yi ba.