Daga Tashe Zuwa Turmin Danya: Matasan Da Suka Rubuta Nasu Labarin

 Yau hirarmu a kan wasan kwaikwayo take, musamman wanda matasa suka ƙirƙira da kansu.

Ni a Kazaure na fara ganin wasan kwaikwayo, tun ban san sunansa ke nan ba. Azumi na kwana goma, sai mu fito tashe bayan shan ruwa. Wannan ya manna gemun auduga, wancan ya cusa tsumma a riga ya zama mai ƙaton ciki. Akwai wasannin gado irin su Jatau Mai Magani, amma wanda ya fi kawo kuɗi shi ne wanda muka haɗa da kanmu, muka kwaikwayi marowacin unguwa ba tare da mun kama suna ba. Kowa ya gane shi, ana ta dariya. Tambayi ɗan Babura ko Roni ko Gwiwa, zai ba ka irin wannan labarin.

To, ashe wannan ɗabi'a tana da tarihi. Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920, yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya riƙa rubuta wasanni da Hausa. Ɗaya daga ciki shi ne Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, a kan yadda 'yan kasuwar birni ke zambatar mutanen ƙauye. Kun ga, matashi ne ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka, ya duba abin da ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya ya ɗora shi a dandali. Siyasar NEPU sai a 1950 ta zo.

Mu tsallako shekarun 1980. Lokacin yankinmu duk yana cikin jihar Kano, domin sai a 1991 aka ƙirƙiri Jigawa. A birnin Kano samari sun kafa ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa da Gyaranya da Jigon Hausa. Su ke tsara labari, su yi gwaji, su hau dandali, wasu kuma su kai gidan talabijin na CTV da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa. Da kyamarar bidiyo ta shigo hannun jama'a, sai 'yan Tumbin Giwa suka ɗauki nasu labarin. A 1990 aka saki Turmin Danya: Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari ya fito a ciki. Shi ake ɗauka a matsayin mafarin sana'ar fim ɗin da yau muke kira Kannywood.

Abin da nake so mu lura da shi: ba kayan aiki ne suka fara zuwa ba. Sun shafe shekaru suna koyon gina labari a gaban 'yan kallo masu rai, waɗanda in wasa bai yi daɗi ba za su tashi su bar ka. Kyamara ta zo ta tarar da su a shirye.

Yau wayar da ke aljihunka ta fi kyamararsu ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma in ka leƙa TikTok, sau nawa za ka ga barkwanci ɗaya ya zagaya a bakin mutum goma? Kayan aro ba ya rufe katara. Rigimar gadon gona, saurayin da ya tafi cirani Legas ya dawo hannu rabbana, manomi da makiyayi a kan burtali, duk labarai ne a ƙofar gidanmu. In ba mu rubuta ba, wani zai rubuta mana yadda ya ga dama.

Ku faɗa mini a ƙasa: wane tashe kuka taɓa ƙirƙira a garinku? Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.